Jan Biron Wendell Krupa

Duk wanda ya zauna da Wendell Krupa na rabin awa ya ji labarin katin huji. Ba sai ka tambaya ba. Ko zancen ruwan sama kuke yi, ko tsadar haya a San Jose, sai ya san yadda ya karkato da hirar ya kai ta ɗakin na'ura na jami'arsu, zamanin yana saurayi, lokacin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki guda kuma ba a barin ɗalibi ya ko taɓa ta. Ka rubuta umarninka a takarda, ka huda shi a kan katuna, ka miƙa wa mai kula da na'ura ta wata 'yar taga, ka koma gida. Washegari ka dawo. In ka manta alama ɗaya tak, takarda za a miƙo maka mai layi ɗaya, wai akwai kuskure, shi ke nan ka yi asarar yini guda. Saboda haka mutanen wancan zamani suka koyi zama da fensir suna bin rubutunsu layi-layi, suna yin kamar su ne na'urar, kafin su kuskura su kai shi taga.

Dabara ce mai kyau a zamaninta. Wendell kuwa wutsiyar zamanin kawai ya riska, amma ya ɗauki dabarar ya mai da ita addini, ya ƙare rayuwarsa yana wa'azinta ga mutanen da ke yawo da kwamfuta a aljihu.

Na san shi irin sanin da ba na yi wa kowa fatansa. Mun daɗe muna aiki a kamfani ɗaya a Sunnyvale, inda ake rubuta manhajar da manyan ɗakunan ajiya ke amfani da ita wajen sanin inda kaya suke, teburinsa na kallon nawa. Dogo ne siriri, kullum da jan biro biyu a aljihun riga, wai ko ɗaya zai ƙare masa a tsakiyar aiki. Abincinsa na rana bai taɓa canzawa ba, burodi da kifin gwangwani, wanda ƙarninsa ke korar kowa daga ɗakin shan kofi. Matarsa ta daɗe da tattara nata ya-nata ta koma Oregon. An ce har yadda take jera cokula a aljihun tebur sai da ya gyara mata, kuma ni ban yi mamaki ba.

A sana'armu akwai al'ada: ba ka shigar da abin da ka rubuta cikin babban aiki sai wani abokin aiki ya duba ya yarda. Mu dai abin da muke dubawa shi ne ko zai yi aikin da aka ce ya yi. Wendell kuwa sai ya buga aikinka a takarda, ya tafi da shi teburinsa, ya dawo maka da shi jawur kamar an yanka kaza a kai. Nan ka bar fili kaɗan a farkon layi. Nan ka buɗe baka, wato alamar nan mai lanƙwasa, a ƙarshen layi, alhali shi a sabon layi yake so. Wannan suna ya yi gajarta, wancan ya yi tsawo. In haƙurinka ya ƙare ka ce masa, to yanzu dai abin yana aiki ko ba ya yi? Sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce wannan ba shi ne abin tambaya ba.

Duk tsawon zamanmu ban ga abu ɗaya da za a nuna a ce Wendell ne ya gina ba. Kuma ba rashin iyawa ba ne, zan ba shi haƙƙinsa. Dokokin harshen da muke rubutu da shi a kansa suke, ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka su. Ni a ganina tsoro ne kawai. Mutum ne da ba ya jure a ce masa ya yi kuskure, ko da na'ura ce ta faɗa masa, shi kaɗai a ɗaki, ba mai gani. Don haka ya zaɓi zama a inda shi ke gyara wa mutane, kuma ba mai gyara masa.

Abin da ya kawo ƙarshensa a kamfanin bai kai ya kawo ba. Wata 'yar manhaja ce aka shigo da ita, wadda ke daidaita fili da baka da tsawon layi cikin ƙiftawar ido, da zarar ka adana aikinka. Abin da Wendell ke ɓata mako yana yi da jan biro, ita kafin ka ɗaga kofi ta gama, kuma ba ta hura wa kowa hanci. Ya yi jayayya, ya rubuta dogayen saƙonni, ba wanda ya karanta. Da aka tashi rage ma'aikata, sunansa ne a gaba. An sayo kek, an yi masa 'yar walimar ban kwana, kowa ya ci rabonsa ya koma bakin aiki.

Na ɗauka mun rabu ke nan. Ashe da saura. Ina zuwa wata cibiyar unguwa kowace safiyar Asabar ina koyar da manya masu son shiga wannan sana'a, kyauta. Wata rana na iso na tarar an ba ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa ga sabon malami, zai koyar da dokokin farko ga waɗanda ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarnin kifin gwangwani. Tsakanin ɗakina da nasa kuwa wani katako ne mai naɗewa, ko tari aka yi a can sai na ji.

A ɗakin nasa akwai kwamfutoci a jere, wani kamfani ne ya ba da su sadaka. Abin da Wendell ya fara yi shi ne ya sayo ledoji ya lulluɓe su duka. Ya raba wa ɗalibai fensir da takarda mai layi, ya tsaya gaban allo ya gyara murya.

"Na'ura ba uwarku ba ce," in ji shi. "Ba ta san abin da kuke nufi ba, abin da kuka rubuta kawai ta sani. Bakan da ka buɗe, ka rufe shi. Kowane umarni ka kulle ƙarshensa da alamarsa. Ba ka kiran abu sai ka raɗa masa suna tukuna, kuma sunan da ka fara da babban baƙi kada ka kira shi da ƙarami, don a wurinta mutum biyu ne. Daga sama take karantowa zuwa ƙasa, ba ta tsallake, ba ta yafiya. Wanda bai iya wannan a takarda ba, hannunsa ba zai taɓa wancan ba."

Duk gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Ni ma waɗannan dokokin nake koyarwa, amma cikin safiya ɗaya, sannan in ce kowa ya rubuta layi uku ya danna maɓalli. Na'ura ta watso masa jan rubutu, ya tsorata, mu karanta tare, ya ga ai ta ma faɗa masa layin da ya manta rufe bakan. Ya gyara, ya sake dannawa, ta gaishe shi da sunansa, ya washe baki kamar an yi masa albishir da gida. Wannan jan rubutun shi ne malami na gaskiya, ba ya gajiya, ba ya gori. A ɗakina hayaniya ake yi da dariya. A na Wendell ba ka jin komai sai ƙarar fensir da muryarsa.

Ɗalibansa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka dawo wurina, wasu suka haƙura da abin gaba ɗaya, suka tafi da yaƙinin cewa kansu ne ba ya ja. Wannan ko a jikinsa. Ɗakina ma suna ya sa masa, wai gidan caca, inda ake danna maɓalli a rufe ido a yi addu'a.

A cikin waɗanda suka zo a farkon kaka akwai Mista Tadashi Morioka. Dattijo ne ya doshi tamanin, gajere, mai kaurin hannu. Manomin furanni ne a da, yana da rumfunan gilashi a Mountain View tun kafin ofisoshi su cinye gonakin. Ranar farko ya yi ɓatan kai ya shigo ɗakina, hularsa a hannu, ya ajiye mini jakar takarda cike da lemon gidansa, ya gaya mini abin da ya kawo shi. Matarsa Chiyo, wadda suka haura shekara hamsin tare, mantuwa ta fara cin ta. Jikokinta za su shigo ta gaishe su kamar baƙi, daga baya ta gane ta yi abin kunya, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Ya gwada rubuta sunaye a ƙarƙashin hotuna, ba ta ko buɗe littafin. Amma a kasuwar furanni ita ce mai buga tafireta shekara da shekaru, har yanzu in ta ga maɓalli sai yatsunta sun kai. Abin da yake so ɗan abu ne: ta danna maɓalli ɗaya, fuska ta fito a allo, a ƙarƙashinta an rubuta da manyan baƙaƙe wane ne, da abin da yake a wurinta. Ta sake dannawa, wata ta fito. Kuma da hannunsa yake son ya yi shi, don duk abin da take amfani da shi a gidan, daga kantocin kicin har bencin lambu, shi ya ƙera mata. Abin da baƙo ya kawo ture shi take yi.

Na ce masa wannan ai aikin Asabar biyu ne, uku in an yi sanyin jiki. Sai dai ajina ya cika a lokacin, kuma a ofis ajin 'yan farko aka rubuta shi. Na ce ya leƙa can yau kawai, ni kuma zan samo masa kujera mako mai zuwa.

Wannan yini ɗaya ya ishi Wendell. Da ya ji labarin, sai ya ce wa dattijon ya yi tunani: ya ƙera abin da gaggawa irin ta gidan caca, ya fita sayayya, matar tana zaune ita kaɗai gaban allo, ta danna, allon ya cika da jan rubutu, ba kowa kusa da ita. Me zai faru da ita? Abin ya shigi Mista Morioka. Ga shi kuma mutum ne da ya yi shekaru yana share rumfa da ɗaukar taki kafin mahaifinsa ya bar shi ya riƙe almakashin yankan fure. Maganar Wendell ta yi masa kama da maganar manya da ya tashi yana ji. Da na kai masa labarin kujera, ya yi mini godiya har da sunkuyawa, ya ce ya riga ya ba da kansa ga malami, zai bi a hankali a yi abin daidai.

Na tare Wendell a baranda wajen injin kofi.

"Wendell, mutumin nan ba shi da lokaci."

"Kowa haka yake cewa, Benita. Shi ya sa duniya ta cika da tarkacen manhaja."

"Ba shi nake nufi ba. Matarsa ce ba ta da lokaci."

"To ai shi ya sa dole a yi shi daidai tun karon farko," in ji shi, ya ɗauki kofinsa ya wuce, kai a sama, kamar wanda ya kashe bakin babban lauya.

Kafin ruwan hunturu irin na ƙasar nan ya kankama, Mista Morioka kaɗai ya rage a ajin. Kowace Asabar yana nan tun kafin a buɗe ƙofa, da jakar lemo da takardunsa a cikin wata tsohuwar jakar fata. Ina jin su ta bayan katako. Dattijon ya karanto layi, ya faɗi abin da na'ura za ta yi in ta iso wurin, ya koma na gaba. In ya yi tuntuɓe, a koma sama a faro. Ya tafi gida ya sake kwafe shafin tsaf da kyakkyawan rubutunsa, ya dawo, jan biro ya sake bi ta kai. Kuma kowa a cibiyar ya san dokar wurin: ajin da ba ɗalibi rufe shi ake yi. Wendell ma ya sani. Wannan dattijo shi ne allonsa, shi ne ɗakinsa, shi ne dalilin da zai sa ya ɗaura agogo ya fito ranar Asabar a kira shi malam. Don haka duk lokacin da aka kusa gamawa sai wani sabon babi ya ɓullo.

Dab da Kirsimeti na sami Mista Morioka zaune a baranda yana jiran malaminsa, na roƙe shi ya nuna mini takardar. Shafi ɗaya da rabi ne duka-duka. Na bi shi daga sama har ƙasa. Kowane baka a rufe yake, kowane umarni da alamarsa, kowane suna an raɗa shi kafin a kira shi. Jan biron da ke jiki duk na son ran Wendell ne, fili nan, tsawon layi can, abubuwan da na'ura ba ta ma san suna yi ba. Na ce masa wannan in aka buga shi yau, yau zai yi aiki, ga ɗakina a buɗe, ga kwamfuta a kunne, ko malaminsa ba sai ya sani ba. Ya dubi ƙofar ɗakina, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mai da takardar cikin jaka, ya yi murmushi, ya ce Malam ya ce da ɗan saura, kuma ba zai so ya zagaya ta bayansa ba.

Haushi ya kama ni har na rasa wanda zan ji wa, shi ko wancan dogon banzan. Amma ba a yi wa mutum irin Mista Morioka tsawa. Na karɓi lemona na koma aji.

Labarin Chiyo a gutsure nake samunsa, don mijin nata ba mai yawan magana ba ne. Wata Asabar ya ce ta kira shi da sunan yayanta da ya daɗe da rasuwa. Wata kuma ya ce ta daina karanta jarida, sai dai ta riƙe ta a cinya. Daga baya ta faɗi a banɗaki, 'ya'yansu suka taru suka yanke shawarar a kai ta gidan kula da tsofaffi. Tun daga nan yakan zo da rigar da ya kwana da ita, amma takardarsa ba ta taɓa zuwa da datti ba.

Kafin itatuwa su fara fure, takardar ta fita fes. Wendell ya bi ta sau da yawa da jan bironsa a buɗe, bai sami inda zai ɗiga ba. Ina jin lokacin da dattijon ya tambaya, cikin ladabi, ko yanzu zai iya bugawa ya kai mata. A nan ne Wendell ya yi abin da ba zan taɓa yafe masa ba. A ƙarshen kowane zango cibiyar kan yi taro, kowane aji ya nuna abin da ya ƙera a gaban jama'a da shugabar wurin, kuma a nan ake sanin ajin da za a bari da wanda za a rufe. Wendell ya lissafa abinsa sarai. Yana so a cire leda a gaban kowa, a buga rubutun da bai taɓa shiga na'ura ba, ya yi aiki a karon farko, duniya ta shaida cewa shi ne mai gaskiya tun zamanin katin huji. Sai ya ce wa dattijon ya ƙara haƙuri na 'yan makonni, wanda ya jure wannan doguwar tafiya ai ba zai gaza a bakin ƙofa ba.

"To, Malam," in ji Mista Morioka.

Ana saura kaɗan taron, dattijon ya yi fashin Asabar biyu a jere, shi da bai taɓa ko makara ba. Wendell ya riƙa safa da marwa a baranda yana duba agogo, yana mita wai mutanen yanzu ba su da riƙon alkawari. Ko sau ɗaya bai ce Allah ya sa lafiya ba. Damuwarsa ita ce kada taro ya zo ba shi da abin nunawa.

Ranar taron aka jera kujerun ƙarfe a babban zaure, aka kawo fiza da lemon kwalba, iyalai suka cika wuri. Ɗalibaina suka fara. Aikin wani direban tasi ya tsaya cak a tsakiya, direban ya karanta jan rubutun da ƙarfi, ya ce au, ya gyara a gaban kowa, aka yi dariya aka tafa masa. Sai ga Wendell ya fito da laƙatayi a wuya. Ya ba mu labarin katin huji daga farko har ƙarshe, mutane suna hamma, yara suna tsere a tsakanin kujeru. Da ya gama, ya je ya yaye ledar kwamfuta a hankali, kamar mai buɗe sabon gini, ya kira ɗalibinsa.

Mista Morioka ya taso daga kujerar baya. Baƙar kwat ce a jikinsa, wadda ta yi masa yawa a kafaɗa. 'Yarsa ta riga ta zuba hotunan a na'urar. Ya zauna, ya shimfiɗa takardarsa, ya fara bugawa da yatsa biyu, baƙi ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa yana sake dubawa. Rabonsa da zama gaban irin wannan abu, ban sani ba ko ya taɓa. Fiza ta huce, hira ta mutu, kowa ya zuba wa waɗannan kauraran yatsu ido. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga kai ya dubi malaminsa. Wendell ya gyaɗa kai. Ya danna.

Fuskar wata budurwa ta cika allo, tana dariya, a ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe: Wannan Emi ce, jikarki. Ya sake dannawa. Wannan Glenn ne, ɗanki na fari. Zaure ya ɗauki tafi, wasu har da miƙewa. Wendell ya fizgi abin magana, fuskarsa tana ƙyalli, ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba.

"Kun gani? Karon farko. Ba kuskure ko ɗaya, ba caca, ba addu'a. Abin da nake faɗa ke nan tun kafin a haifi rabinku."

Yana faɗa yana kallona. Dattijon kuwa bai juyo ba, dannawa kawai yake yi, fuskoki suna wucewa, 'ya'ya da surukai da jikoki, har aka zo ta ƙarshe. Shi ne da kansa, da sauran ƙuruciyarsa, tsaye a tsakiyar fararen furanni. A ƙasa an rubuta: Wannan Tadashi ne, mijinki. Yana nan kusa. Ya ɗauke hannunsa daga maɓallin ya ɗora a cinya.

Shugabar cibiyar, mace mai kirki wadda ba ta san komai ba, ta matso da fara'a ta tambaye shi yaushe zai kai wa uwargida wannan kyakkyawar kyauta.

"Ta rasu makon jiya," in ji shi. "Na zo ne don na yi wa Malam alkawari."

Ya miƙe, ya juya wajen Wendell, ya sunkuya masa, ya yi masa godiya a kan haƙurin da ya yi da shi. Wendell ya tsaya da abin magana a hannu. Ya dafa kafaɗar dattijon, ya ce ya yi haƙuri, bai sani ba. Da a nan ya tsaya, da na ce akwai sauran mutum a cikinsa. Amma abin ya fi ƙarfinsa. Ya sunkuyo ya ce, da muryar da yake zaton ƙasa-ƙasa ce, alhali abin maganar na kunne, "Amma ka gani dai, ya yi aiki." Sannan ya tambaya ko zai iya riƙe takardar. Mista Morioka ya miƙa masa da hannu biyu.

Na cim ma dattijon a wurin ajiye motoci, 'yarsa ta tafi ɗauko mota. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Sai ya ce yana da tambaya ɗaya, in ba zan damu ba.

"Abin da kika faɗa mini lokacin Kirsimeti. Da gaske ne, ko don ki ƙarfafa mini gwiwa ne? Da na buga shi a ranar, zai yi aiki?"

Ba mutumin da ake yi wa ƙarya ba ne. Na ce masa zai yi.

Ya gyaɗa kai a hankali, yana juya hularsa a hannu. "A lokacin tana iya karatu," in ji shi. Motar ta iso, ya shiga, ban sake ganinsa ba.

Ba a rufe ajin Wendell ba. Wasu daga cikin waɗanda suka ga abin ya tashi a karon farko sun burge, suka rubuta sunayensu, aka sake lulluɓe kwamfutoci da leda, aka raba sabon fensir. Takardar Mista Morioka tana nan a bango cikin gilashi, daidai saman allo. Yanzu Wendell labari biyu gare shi. In ya gama na katin huji sai ya nuna bangon ya shiga na dattijon da ya bi doka sau da ƙafa, ya kai shi har wurin da aka tafa, ya tsaya a nan. Ina ji ta bayan katako kowane farkon zango. Wani lokaci a sami sabuwar ɗaliba mai taushin zuciya ta ɗaga hannu ta ce, to matar fa, ta ji daɗinsa? Na san kallonta yake yi ta saman tabarau, sannan in ji ya ce wannan ba shi ne abin tambaya ba.